Me zan shuka a tsakar gida saboda ranar da kuɗi za su kasa sayen abinci?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo shi gabanku.

Ni ɗan albashi ne, mu takwas ne a gida. Cikin 'yan shekarun nan sau uku ina ganin ranar da kuɗi suka kasa kawo abinci gidana. Na farko kullen korona na 2020, da aka rufe Kano ruf, sai ranar da aka ɗaga ƙafa ake fita kasuwa ana turereniya. Na biyu farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Kuɗina na banki, ina ganinsu a waya, amma mai kayan miyan bakin layinmu ya ce shi sai takarda a hannu. Kwana uku uwargida tana kaɗa kuka ba ko albasa. Na uku bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira. Albashi bai ragu da ko kwabo ba, amma abin da yake saya ya zube. Kun dai tuna 2024, da mutane suka koma sayen afafata, shinkafar da a da kifi ake zuba wa.

Tsorona shi ne wata rana komai ya tsaya cak, naira ta zama takardar banza, kasuwa ta watse. Ina da fili a tsakar gida, mita 6 a tsaye, 4 a kwance, ƙasa ce ba siminti ba. Me zan shuka da zai riƙe iyalina in hakan ta faru? Na yi tunanin gero ko masara. Masu sani a taimaka.

Manomin Kura:
Wa alaikumus salam. Malam, zan gaya maka gaskiya don kada ka ɓata damina guda a banza. Filinka murabba'in mita 24 ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kuma manomin gero a nan ƙasar tamu in ya sami buhu goma a hekta sai ya ce Alhamdulillahi, shekara ta yi kyau. Raba ka gani. In ka cika filin nan da gero tun daga bakin ƙofar ɗaki har bango, abin da za ka sussuka bai fi kwano ɗaya ba. Kwano ɗaya, bayan wata uku kana jira. Ku takwas, tuwon dare biyu ke nan.

Babban mutum da tuwo da koko ne cimarsa ta kullum yana cin kusan buhu biyu a shekara. To ka lissafa na gidanka. Tsakar gida ba ta ba da tuwo. Wanda ya ce maka za ta bayar bai taɓa riƙe fartanya ba.

Abban Khalifa:
Kai, Malam, ka kashe mini jiki. Ke nan babu amfani in shuka komai?

Maman Iklima:
A'a Abban Khalifa, ba haka yake nufi ba. Tuwo ne ya ce ba za ta bayar ba, bai ce miya ba. Ka koma kan labarinka da kanka: ranar da kuɗi suka maƙale a banki, me kuka rasa? Ba garin tuwo ba ne, albasa ce. Hatsi ana saya sau ɗaya a ajiye, kayan miya kuwa kullum sai an miƙa hannu, kuma su ne suke cinye kuɗin cefane a hankali ba ka sani ba.

Ni a Zariya nake, filina bai kai naka ba, shekara huɗu ke nan ina yi. Bari in gaya maka abin da ya riƙe ni.

Zogale shi ne uban tafiya. Guda biyar na jera a jikin katanga. Ba sai ka jira iri ba, ka sami reshe mai kauri kamar damtsen yaro, tsawon kamu ɗaya da rabi, ka kafa shi a farkon damina, zai kama. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su bar shi ya miƙe ya fi katanga, ganye ya koma can sama sai ɗan tsirit. Da ya kai ƙirjinka ka datse kansa, zai fito da rassa ta ko'ina. Muna kwaɗo da ƙuli, muna dambu, muna miya da gyaɗa. Wanda ya yi yawa in shanya a inuwa cikin ɗaki, ba a rana ba, don rana tana ƙone masa launi da amfani.

Sai alayyahu. Sati uku zuwa huɗu ka fara yanka, kuma in ka yanka sama ka bar gindin zai sake tohowa. Ka bar guda biyu su yi kai, irin da za su zubar ya ishe ka har baɗi. Rama da yakuwa ba sa son lallashi, ka watsa kawai. Yakuwa ma riba biyu ce, ganye a miyar taushe da fate, ƙoƙon kuma zoɓo. Kuɓewa gindi goma sun ishi gida, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya, kana tsinka duk bayan kwana biyu tana ƙara yi, wadda ta yi yawa a yanka a busar a daka. Lalo a gefen da ruwa ke kwanciya. Kabewa kuma gindi ɗaya tak, ka ɗora ta kan rufin ɗakin girki ko rumfa, ba ta ci maka fili ba, kuma in ta ƙosa tana wata da watanni a ƙarƙashin gado ba ta lalace ba.

Albasa ma, gindin da ake yankewa a zubar, in ka dasa shi a tsohon bokiti zai ba ka lawashi. Da a ce kana da wannan a 2023, da miyar kukar nan ta sami ƙamshi.

Matashin Gusau:
Ku yi haƙuri iyayena, ni wannan maganar tana sosa mini rai. Me ya sa kullum talaka ake ce wa ya gyara? A 2024 uwargidan shugaban ƙasa ta riƙa tallata gasar kowane gida ya yi lambu, a daidai lokacin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mu a Zamfara ba lambu muka rasa ba, gonaki muka rasa. Kawuna yana da gonar da a da yake cika rumbu uku da ita, yau shekara nawa bai taka ta ba saboda 'yan bindiga. Wasu ƙauyukan sai an biya haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Abin da ya kawo yunwa ke nan. Alayyahu a bokiti ba zai maye gurbin gonakin Zamfara da Katsina da Sakkwato ba.

Manomin Kura:
Ɗana, babu ƙarya a maganarka ko ɗaya, kuma ni ma abin da na fara faɗa ke nan, tsakar gida ba gona ba ce. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan masifa. Amma uwar da za ta ɗora tukunya yau da daddare ba za ta jira a gama da 'yan bindiga ba. A ci gaba da neman haƙƙi da babbar murya, a kuma dasa zogalen. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Matashin Gusau:
Na yarda Baba. Abin da ba na so shi ne a mayar da shi kamar shi ne maganin. Kawun nan nawa yanzu a gidan haya yake cikin gari, mutumin da ya ciyar da gida uku.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi muku albarka. Ni na ga fari na 1973 ina saurayi, na ga na 1984 ina koyarwa a wata firamare a arewacin Katsina. Kakata kuma takan ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ita ma a bakin iyayenta ta ji mafi yawansa.

Abin da na gani da idona a 1984 shi ne, da hatsi ya yi ƙaranci, ganye ne ya miƙa shi. Mudun da a da ake tuwon dare ɗaya da shi, sai a barza a yi dambu ko fate, a cika shi da tafasa ko rama ko yaɗiya, ya kai kwana biyu ko uku. Matan da suka san ganyen daji, suka kuma san yadda ake sarrafa shi, 'ya'yansu sun fi na sauran tsayuwa. Gidajen da ke da kuka a bayan gida, da buhun busasshiyar kuɓewa da kalwa a rataye, ba su wulaƙanta kamar waɗanda ba su da su ba. Don haka ni ina ganin Manomin Kura da Maman Iklima magana ɗaya suke yi. Ganye ba ya zama hatsi, amma yana sa hatsi kaɗan ya yi auki.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu, jikokina a birni ba su san tafasa ba in sun gan ta a bakin hanya. Ba su san gasaya ba. Ɗaya daga cikinsu ta tuge mini lalo wai ciyawa take cire mini. Wannan ilimin shi ne yake ɓacewa, kuma ba a saye shi a kasuwa ranar da ake bukatarsa.

A 1976, zamanin Obasanjo na soja, an yi shirin ciyar da ƙasa da ake kira OFN. Makarantu suka yi lambu, ma'aikata suka yi a bayan gidajen gwamnati. Da aka daina maganarsa a rediyo sai yawancin lambunan suka mutu, don an yi su ne saboda an ce a yi. Na gidan mahaifiyata kuwa, da ba wanda ya sa ta, yana nan har ta rasu.

Ɗan Maraɗi:
Baba, Allah shi ƙara lafiya. Yunwar 1984 ɗin nan mu a Nijar El Buhari muke ce mata, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta soja ta yi a lokacin. Kuma mun sake ɗanɗana rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ku kuke ce wa ECOWAS, ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, kaya suka daina shigowa har farkon 2024. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya. Abin da Abban Khalifa ke tsoro, mun ga ɗan yankinsa.

Zogale a wurinmu ba abin wasa ba ne, noma ne sosai. Ku je Jiratawa kusa da Maraɗi ku ga fadama guda ta zogale, ana cika buhuna ana kai wa har Yamai. Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya, kuka ba sai ta zama ƙatuwar bishiya ba. Ka jiƙa 'ya'yan a ruwan zafi su kwana, ka shuka su kusa da kusa kamar alayyahu, in sun tashi ka riƙa tsinkar ganyen kana datse kan. Ɗanyen ganyen kuka a miya daban yake da garin kasuwa. Na biyu, ga masu gona a ƙauye, ku bar sare kututturen da ke tohowa. Mu muna ce masa sassabin zamani, a jihar Maraɗi ya fara tun shekarun 1980: ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Haka gawo da kalgo da aduwa suka dawo gonakinmu, ga itacen girki, ga abincin dabba.

Amma anza, 'ya'yan wani itacen daji, kada wanda bai sani ba ya taɓa. Tana ceton rai a shekarar yunwa, sai dai sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin da dafin su fita.

Ummu Hanan:
Ni fa tambayata daban. Wannan shirin ranar da ba ta zo ba, ba rashin tawakkali ba ne? Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci.

Malamin Islamiyya:
Malama, tambaya ce mai kyau. Ki duba Suratu Yusuf. Da aka nuna shekara bakwai na wadata da bakwai na tsanani, Annabi Yusuf, alaihis salam, bai ce a zauna ba, cewa ya yi a yi noma, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Har dabarar ajiya ya koyar, kuma ita ce manomanmu ke yi da damin gero a rumbu har gobe. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara. Akwai hadisin da ya ce in Alƙiyama za ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in ya sami ikon dasa shi ya dasa. Abin da aka hana shi ne ɗan kasuwa ya ɓoye abincin da jama'a ke bukata yana jiran ya yi tsada. Tanadin magidanci don bakin iyalinsa ba ya cikin wannan.

Inda zan ja hankalin Abban Khalifa shi ne tsoron. Kada ya kai ka ga rashin barci. Ka yi sababi, ka bar wa Allah sauran.

Ɗan Haya a Mararaba:
Duk kuna magana ne kamar kowa na da ƙasa. Ni ɗaki biyu nake haya, tsakar gidan siminti ne, mu gida shida muke raba shi, ruwa kuma a wurin 'yan garuwa muke saya. In na sayi jarka don in shayar da alayyahu, ba gara in sayi alayyahun ba?

Maman Iklima:
Ɗan'uwa, in da ruwan saye za ka yi ban-ruwa, gaskiyarka, asara ce. Amma lissafa ruwan da gidanka ke zubarwa a kwata kullum. Alwala sau biyar, kai da iyalinka. Ka ajiye roba a ƙarƙashi, ka ga abin da zai taru kafin isha'i. Ruwan wankin shinkafa, ruwan tsarin hatsi, ruwan da aka wanke kayan miya, duk shuka na so. Wanda ba na zubawa shi ne ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo, yana kashe ƙasa a hankali.

Ƙasa kuma buhu ne. Tsohon buhun shinkafa ko na taki, ka huda gindinsa, ka cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Buhu huɗu a jikin bangon ɗakinka: ɗaya alayyahu, ɗaya attaruhu, ɗaya kuɓewa gindi biyu, ɗaya dankali. In za ka tashi ka ɗauki abinka. Ka dai fara sanar da mai gida da maƙwabta, kuma in ya yi ka riƙa miƙa musu, shi ne zai sa yaransu su zama masu gadi maimakon masu tsinka.

Manomin Kura:
In ƙara kan ruwa. Duk ruwan sama milimita ɗaya da ya sauka kan murabba'in mita ɗaya na kwano, lita ɗaya ce. Rufin ɗaki biyu, a ce murabba'in mita 30, in aka yi ruwa mai kyau na milimita 20, lita 600 ke nan ta bi indararo ta tafi, jarka 24. Duro ɗaya a ƙarƙashin indararo ya isa farawa. Da rani kuma ga dabarar tsofaffi: ka binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar shukar, ka cika shi ka rufe baki. Yana tsattsafowa a hankali, saiwa na sha, rana ba ta ɗauke ba.

Taki kuma a kula. Kashin kaji ɗanye yana ƙone shuka, sai ya ruɓe. Na awaki da tumaki ya fi sauƙi. Kada a ɗebo ƙasar bola, akwai fasassun batura da ledoji da abin da ba ka sani ba, kuma ganye yana ja.

Anti Nas:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki kafin a kai inda nake tsoro, don na san yanzu wani zai ce a shuka magani a daina zuwa asibiti. Ina aiki a ɗakin yara. Abin da ke karya mini zuciya shi ne yaron da aka kawo bayan kwana huɗu ana ba shi ruwan darbejiya da tazargade, zazzaɓin cizon sauro ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya shanye jini. Yaro in ya yi zazzaɓi a gwada shi, a ba shi maganin da ya dace, a ranar. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ci zogale ya sha zoɓo, abinci ne mai kyau, amma kada ya ajiye ƙwayoyinsa saboda su. Mai ciki ta ci ganyen zogale, ta nisanci saiwarsa da ɓawonsa.

Inda lambun gida ke aikin magani da gaske shi ne tamowa. Cokali ɗaya na garin zogale da ɗan ƙulli na gyaɗa a kunun yaro, kullum, yana da tasiri. Dankalin nan mai ruwan lemo a ciki, wanda cibiyar bincike ta Umudike ta fitar da irinsa, yana da sinadarin bitamin A da ke kare ido da ƙarfafa jikin yara, kuma ganyensa ma ana miya da shi. Gwanda ma haka, cikin shekara take fara 'ya'ya.

Duron da Manomin Kura ya ce, don Allah a rufe shi ruf. Buɗaɗɗen duro gidan sauro ne. Rogo mai ɗaci kuma ba a cinsa sai an jiƙa an sarrafa, yana kisa.

Abban Khalifa:
Na gode Anti. To tumatir fa? Ba wanda ya ambace shi, kuma shi ne ya fi ba mu wuya kafin babbar sallar 2024.

Ɗalibar Samaru:
Baba, da gangan ba su ambace shi ba, ina ji. Ni ɗalibar aikin gona ce, kuma tumatir shi ne abin da ya fi karya wa sabon mai lambu gwiwa. Ba ya son tsananin zafi, a watan Maris da Afrilu furen zubewa yake yi ba ya ɗaura ɗa. Da damina kuma cututtukan ganye. Lokacinsa a nan arewa shi ne a yi reno a Oktoba, a dasa a Nuwamba, a ci da sanyi. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci. Shawarata, ka shuka gindi kaɗan da sanyi don koyo, amma babban tanadinka ka saya lokacin da ya yi araha a Janairu da Fabrairu, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a bakin kwalta ba. Tattasai ma haka. Attaruhu da barkono su ne suka fi haƙuri a gida, gindi ɗaya yana iya wuce shekara yana bayarwa.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai tunanin ranar da kasuwa za ta tsaya shi ne iri. In ka ga F1 a jikin fakiti, irin aure ne, zai yi kyau a shukar farko, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa ba za su fito kamar uwar ba. Nemi irin gida wanda tsofaffi ke juyawa shekara da shekaru, ko ingantaccen iri wanda ba na aure ba, kamar waken da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke nan Samaru ke fitarwa. Ka zaɓi gindin da ya fi lafiya ka bar shi ya ƙosa, ba ragowar da ta rage bayan an gama ci ba. Ya bushe ƙayau, a zuba a kwalba da ɗan toka, a rufe, a rubuta suna da shekara.

Ƙwari kuma, 'ya'yan darbejiya busassu, a daka cikin tafi biyu, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. A nan ne darbejiya ke da aiki, ba a cikin yaro mai zazzaɓi ba, kamar yadda Anti ta ce.

Manomin Kura:
'Yata kin yi karatu mai amfani. Saura maganar tuwon, tunda ni na rushe masa gero. Malam, hatsi da kaka ake saye, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ya fi sauka. In kuɗinka ba su kai buhu ba, ku haɗu ku biyar ko goma a wurin aiki ku yi adashin hatsi, a tura mutum ɗaya Dawanau ko kasuwar ƙauye. Wake a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron yana mutuwa don rashin iska, ba sai an zuba maganin da ke kashe mutane ba. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta har baki. Kuma in kana da ɗan'uwa a ƙauyen da ake iya noma, ka aika masa kuɗin taki da damina, ku raba amfani. Zumuncin nan ya fi kowane sito.

Baba Mai Ritaya:
Wannan ta ƙarshen ita ce na so in faɗa ɗazu na manta. A 1984 ban ga gidan da ya tsira shi kaɗai ba. In kana da zogale maƙwabcinka ba shi da shi, ɗansa zai hauro katanga, kuma ba za ka iya kallon idonsa ka hana ba. Gara tun yanzu ka yanka reshe ka ba kowane gida a layinku. Wani ya yi kuɓewa, wani ya yi kabewa, mai rijiya ya ba da ruwa, mai awaki ya ba da taki.

Matashin Gusau:
Baba, wannan na karɓa. Zan kai wa kawu maganar buhu da reshen zogale. Hannunsa ya saba da ƙasa, zaman banzan nan yana cinsa fiye da yunwar.

Abban Khalifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar. Gero na fasa. Zogale biyar a jikin katangar gabas, kuɓewa layi ɗaya, alayyahu da rama da yakuwa a tsakiya, kabewa ta hau rumfa, dankali a buhu uku, duro a ƙarƙashin indararo da murfinsa. Tumatir sai Oktoba. Adashin hatsi kuma gobe zan tuntuɓi abokan aiki. Abu ɗaya ya rage: uwargida tana da akuya biyu da kaji, kuma a tsakar gidan suke yini.

Maman Iklima:
To kada ka dasa ko tsinke sai ka yi shinge, akuya ɗaya za ta gama da aikin wata biyu kafin ka dawo daga masallaci. Karan dawa ko tsohuwar waya, tsayin ƙirji, ka sa ƙaya a gindi. Kaji kuma tona suke yi, su da ƙadangaru masu cin tsiro yana fitowa, sai ka rufa wa sabuwar shuka tsohon gidan sauro da ya yage har ta yi ƙwari. Takin awakin ka riƙa tarawa a rami ɗaya tun yau. Ina da irin alayyahu da kuɓewa da rama na bara fiye da bukatata, ƙanena yana shiga Kano ranar Asabar, in kana so ka yi mini magana ta gefe in ba shi ya taho maka da su.

Ɗan Haya a Mararaba:
Hajiya, in akwai ragowar na alayyahun a ajiye mini kaɗan. Na yi wa mai gidanmu magana ɗazu, ya ce buhu huɗu babu damuwa muddin ba su tare hanyar kwata ba.